Yadda Za Ka Zama Gwanin Launi da Gwangwanin Fenti Uku

In ka bi matakan nan bi da bi, na lamunce maka kafin a gama cinikin gyaɗar bana, wato ta 1956, za a riƙa nuna ka da baki a tashar Gusau ana cewa ga masanin launi. Ba sai ka taɓa riƙe buroshi ba. An gwada hanyar a kan Mas'udu, mutumin Rawayya mai gyaran keke a bakin kasuwa, kuma har yau yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka ce a nesa ka koya

Kada ka ce Tsafe, za a aika a tambaya. Ka ce Ikko.

Mas'udu yana neman auren Shafa'atu, wata bazawara, ƙanwar Alhaji Lukuman mai fataucin gyaɗa. Alhaji ya riga ya faɗa a zaure cewa ba zai ba mai liƙin taya ƙanwarsa ba. Ana haka ya sayo babbar mota mai bodin katako, ya shiga cigiyar wanda zai yi mata fenti kore. Mas'udu ya wanke hannu, ya je ya durƙusa.

"Alhaji, ai wanga aikina na. Ikko na koyo shi."

Iyakar tafiyarsa a duniya Funtuwa ce, nan ma kwana ɗaya.

Mataki na 2: Ka san iyayen launi

Su uku ne: ja, shuɗi da rawaya. Duk sauran 'ya'yansu ne. Wannan gaskiya ce, kuma ita kaɗai za ka faɗa a cikin aikin, saboda haka ka yawaita faɗinta.

Mas'udu bai san ta ba sai da ya je kanti ya tarar kore ya ƙare. Mai kantin ne ya tura masa gwangwani uku, ya ce ya haɗa shuɗi da rawaya.

Mataki na 3: Kada ka yi mamaki a gaban jama'a

Ya zuba biyun a tsohuwar garwar kananzir, ya juya da sanda. Sai ga kore shar, kamar gonar gero a tsakiyar damina. Shi kansa bai yi zaton mai kanti da gaske yake ba. 'Yan kallo suka yi salati. Shi kuwa ya ɗaure fuska, ya ce haka ake yi a Ikko.

Gwani na gaske a nan yake tsayawa. Kai ba shi ba ne. Mas'udu ya dubi gwangwanin ja a gefe, ya yi tunanin in biyu sun ba da wannan kyau, ina ga uku. Ya juye shi duka.

Abin da ya fito ya yi kama da ruwan gulbi bayan an yi ruwa a Wanke.

Mataki na 4: Ka riga mai mota raɗa wa launin suna

Launin da ba shi da suna ɓarna ne. Mai suna kuwa yayi ne.

Babu sauran fenti, babu halin komawa kanti, sai Mas'udu ya shafe motar kaf. Bayan la'asar Alhaji ya iso, ya zagaya ta a hankali, hannuwa a baya.

"Mas'udu, kore na ce maka."

"Awo, Alhaji. Kore na."

"Wane irin kore?"

"Kore mai hutawa. Shi manyan Ikko ka yayi yanzu. Wancan mai ihu an bar ma masu keke."

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ba ya son a ce bai san abin da manya suke yayi ba, kuma gyaɗa tana jiransa a Tsafe. Ya ce a tayar da mota. Mas'udu ya koma rumfarsa.

Mataki na 5: Ka bar hanya ta yi maka shaida

Masana suna cewa kowane launi yana da abokin zama da abokin gaba. Abokin zaman naka shi ne hanyar Gusau zuwa Tsafe.

Duk motar da ta bi ta, ko fara ko shuɗiya, jar ƙasa take dawowa, a wuni ana wankinta. Ta Alhaji ta je ta dawo yadda ta tafi, ba mai iya cewa ga fenti ga datti. Direban ya yi wata guda bai nemi ruwa ba, ya shiga yabon Mas'udu a tasha. Aibi ɗaya aka samu: ran kasuwar Bungudu an ajiye ta jikin wata katanga, wani mai jaki ya zo ya ɗaure dabbarsa a jikinta.

Alhaji ya aika aka kira Mas'udu, ya ce ya turo manyansa.

Mataki na 6: In an ce ka sake, ka kawo sharaɗi

Nan ne haɗarin yake. Masu motoci suka yi layi, kowa kore mai hutawa yake so, Mas'udu kuwa bai auna komai ba ran da ya haɗa. Ya gwada a ɓoye a bayan rumfa. Na farko ya fito kamar kunun tsamiya, na biyu kamar hantar da ta kwana. Sai ya sanar cewa launin ba ya kama mota sai wadda aka saya ran Laraba, daga hannun mai ita na fari, kafin ta taɓa ɗaukar akuya. Ba a samu ko ɗaya ba.

Mataki na 7: Ka san wanda ba a yi wa

Da aka sa ranar tarewa, Shafa'atu ta aiko cewa ba ta son komai sai a yi wa ɗakinta launin motar yayanta. Mas'udu ya rufe kansa a ɗakin wuni guda, yana buga garwa don a ji motsi. Ya fito bai shafa komai ba, don bangon yumɓu ne, ya riga shi zama kore mai hutawa.

Amarya ta shigo, ta dubi bango, ta shafa shi da tafin hannu, ta shinshina.

"Malam, wanga fenti bai da wari."

"Na Ikko ba ya wari."

"Ya yi kyau," in ji ta. "Gobe ka yi ma ɗakin Inna da kewaye da rumbu, tunda ba ya cin gwangwani. Ka gama ka koma ma kekunanka, kamin Yaya ya sayo mota ta biyu."

Ya koma. Ya sauke allon da ya rubuta "Gwanin Launi", ya ce idonsa ne ya fara ciwo.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai aike ka kanti ba, bai riƙe maka sanda ba. In mai mota ya bi ka da gudu, ko jaki ya tafi da ƙyauren bodi, ko ka auri wadda ta fi ka ganin launi, kai da su ne. Mai ƙorafi ya same ni a Ikko.