Jatan Lande Uku a Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwar Barking ta can ƙasar Turawa ba, farkon shekarun casa'in, ranar da hulata ta tona min asiri.

Lokacin ina neman auren Hawa, 'yar Baba Issaka, wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai tuƙin bas. Mutumin nan ba shi da hira sai ta kamun kifi. Don in shiga ransa, ranar gaisuwar farko na buɗe baki na ce ai ni ɗan gidan masunta ne daga Argungu. (A Fagge aka haife ni. Kifin da na sani shi ne wanda ya riga ya sha mai a kasko.)

Bayan azahar ya ja ni ɗan ɗakin katakonsa na bayan gida, ya kunna wata fitila mai ƙarfi, ya ɗauko ƙugiyar kamun kifi. Ina kallo ya naɗa mata wani farin zare, ya ɗaura gashin tsuntsu, ya liƙa idanu biyu baƙaƙe, sai ga jatan lande kamar ya yi tsalle. Na saki baki.

"To, ɗan Argungu, yi naka," in ji shi, ya fita shan shayi.

Na farko ya fito kamar kyankyason da aka taka. Na biyu ya fi shi muni. Na uku zaren ya cukurkuɗe gaba ɗaya. Da na ji takunsa, sai na yi abin da muka saba yi da goro ko 'yar takarda: na ɗaga hula na cusa su duka, na mayar. Hular kuwa farar saƙa ce, duk huji. Na ce masa ban fara ba, ina nazarin zaren ne.

Ya rufe ƙofa, ya kashe fitila.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Jatan landen nan nasa ya kama haske shi kaɗai, kore shar, kamar yana iyo a cikin duhun. Ashe zaren shan haske yake yi ya riƙe, don kifi ya hango shi a ƙarƙashin ruwa. Na ce "Allahu Akbar!" har cikin raina, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

Sai na ji muryarsa a hankali: "Kai ma, kanka yana ci wuta."

Nawa ukun ma sun sha fitilar. Suna can suna walƙiya ta hujin hula. Na kai hannu in fizge ta, ƙugiyoyin suka riƙe gashina. Na so ƙasa ta tsage in shige, don na gama sallamawa Hawa ta kuɓuce min.

Ya kunna fitila, ya zaunar da ni, yana kwance su ɗaya bayan ɗaya da almakashi, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Hawa ya gaya mini tun tuni kai ɗan Kano ne," ya ce. "Amma mutum wanda ya zauna shiru da ƙugiya uku a kai saboda ɗiyana, ba zai gudu ba. Kawo manyanka."

Tun daga ranar na daina ƙarya a gaban surukai. In ma ta kama dole, sai na fara tambaya ko abin yana haske a duhu.