Ranar da Na Kama Ɓarawon Man Taransfoma

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko na so 'yan layinmu ba za su bari ba. Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar manya (sai da na yi jika uku na fara riƙe biro), ilimi kuma yana mini ƙaiƙayi. A makon ne malaminmu ya zana mana taransfoma a allo. Ya ce wuta tana zuwa daga nesa da ƙarfin da zai ƙone gida. A cikin taransfomar akwai naɗin wayar tagulla biyu a jikin ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna, maganaɗisu ke ƙetarar da wutar daga naɗi mai yawa zuwa mai kaɗan, sai ƙarfinta ya sauko daidai firji da fanka. Man da ke tankin shi ke sanyaya su. In ya ƙare, ta ƙone.

Ni kuwa zoɓo da ƙanƙara nake sayarwa a kasuwar Taminus. In taransfomar layinmu ta mutu, tukunyata ta mutu. Ga shi sau biyu ɓarayi suna zuƙe mata mai.

Ina dawowa da azahar na hango wani tsugune a gindinta yana tarar mai a kwalba. Ko sallama ban yi ba, na dire kular zoɓona na caƙumi wuyan rigarsa.

"Ɓarawo! Jama'a, ga shi da rana tsaka!"

"Mama, tsaya ki ji..."

"In ji me? Ka san aikin man nan, jahili?" Na zazzage masa darasin malam kaf, ina jijjiga shi.

Kan ka ce kwabo an kewaye mu. Ɗanjuma mai faci ya iso da ƙarfen taya, wani daga baya yana cewa a kawo fetur. Nan na tuna inda irin wannan taron yake ƙarewa.

Mutumin ya zaro takarda ya miƙo. "Don Allah wace ce Maman Sadiya, shugabar matan layi? Ita ta rubuto ofishinmu na wutar lantarki a turo injiniya ya duba mai. Gwaji zan kai, a ga ko ruwa ya shiga."

Na duba. Rubutuna ne, ƙato-ƙato kamar tafiyar kaza. Wasiƙar farko da na rubuta a rayuwata, kwana uku ina gogewa.

Ɗanjuma ya sauke ƙarfe. "Kai Maman Sadiya! Ke kika gayyato, ke kika kama. Saura ki yanke hukunci."

Na juya na tare bawan Allah da jikina. "Duk wanda ya taɓa baƙona sai ya fara da ni! Ku watse, 'yan zaman banza!" (Kamar ba ni na tara su ba.)

Injiniyan ya gyara rigarsa ya ce, "Mama, bayaninki duk daidai ne wallahi. Sai dai kin tsinke mini maɓalli biyu."

A ƙofar gidana na ɗinke su, kaina a sunkuye, shi yana shan zoɓona.

Tun ranar nake roƙon Allah ya kafa mini taransfoma tsakanin zuciya da baki. Tawa wutar kai tsaye take fitowa.