Bismillah, Yaya, Shige Gaba

Idan ana maganar ladabi a garin Potiskum, to a gyara zama kafin a ambaci Alhaji Abdulsalam na unguwar Yerimaram. Wasu da ladabinsu aka haife su, wasu kuwa bulala ce ta koya musu. Shi Alhaji nasa saukar masa ya yi rana tsaka, yana da furfura a gemu, a makon da En'e, wato hukumar gargajiya, ta yi shelar cewa fatake da dillalan kasuwar shanu za su zaɓi shugaba. Ikon Allah ke nan, yakan shiryi bawansa a daidai lokacin da shiriyar za ta yi masa amfani.

A zamanin Turawa aka yi wannan, kuma kujerar ba ta wasa ba ce. Wanda ya hau ta shi zai riƙa zama kusa da Di'o, Baturen mulki, in ana maganar jangali da burtali, shi za a ɗauka a mota zuwa Yerwa ya yi magana da yawun kasuwa. Kujerar kanta ta katako ce mai hannuwa, an ajiye ta a barandar ofis. Alhaji ya je ya gan ta, ya auna faɗinta da tafin hannu, ya koma gida ya sa aka ɗinka mata matashi.

Kafin wannan shela, Alhaji mutum ne mai tattalin gaisuwa. In ka ce masa ina kwana, da hanci zai amsa, don baki na manya ne. Kakansa ne ya zo daga Kano da jakunan goro, shi kuwa a nan aka yanke masa cibi, amma ba ya buɗe baki sai ya ce, "Mu a birni." Birnin bai san da zamansa ba.

Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro. Dillalai sun turo nasu ɗan takarar, Malam Idrisu na Yindiski, wani tsoho gajere mai ƙarancin magana, wanda Hausarsa ke fitowa da karin harshen Ngizim. Bai nemi kujera ba, tura shi aka yi. Ya tsufa a kara, wato inda ake cinikin shanu, kuma ba a taɓa jin ya haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa ba. A da Alhaji ba ya kiran sunansa. "Wancan mai warin garken" yake cewa.

Sai masinjan Di'o ya tsegunta wa Alhaji cewa a Ingila abokan takara ba sa zagin juna, hannu suke ba juna har su sha shayi tare, kuma Di'o yana son mai irin wannan hali. Washegari mai warin garke ya wayi gari ya zama Yaya.

Ranar Laraba, kasuwa ta cika ta batse, Alhaji ya ratso kara cikin babbar riga mai aska takwas, ya nufi inda Malam Idrisu yake duba haƙoran wani bijimi. Ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa. Kada a ce ƙasar ce ta taɓa shi: babban yaronsa Bubayaro, wani ƙaton dillali mai biyayya, ya riga ya shimfiɗa buzu a wurin tun kafin gwiwar ta sauka.

"Jama'a ku shaida!" in ji Alhaji, da muryar da ta kai har rumfar mahauta. "Wannan yayana ne. Ni wane ne in haɗa kafaɗa da shi? Mutumin da ya san shanu har ya fi sanin mutane! Mutumin da bai taɓa ɓata lokacinsa a gaban allo ko takarda ba! Wallahi ko a hanya ba na shiga gabansa. Bismillah, Yaya, shige gaba."

Malam Idrisu ya dube shi, ya dubi buzun, ya ce, "Madalla." Ya koma kan haƙoran bijiminsa.

Daga ranar aka raɗa wa Alhaji suna Bismillah. A ƙofar masallaci, "Bismillah, Yaya, shige gaba." A wurin ɗaurin aure, "Bismillah, Yaya." Ko a fili fetal suka haɗu, inda garke guda zai wuce bai gogi kowa ba, sai Alhaji ya ja da baya ya buɗe hannu kamar mai ba da hanya a kan siraɗi. Sharaɗi ɗaya ne kawai: a sami masu kallo. Wani mai kiwo ya rantse ya ga sun yi kiciɓis su biyu a lungun bayan kasuwa, Alhaji ya wuce fuu, har gefen rigarsa ya kaɗe wa Yayan hula. Amma mai kiwo ne ya faɗa, kuma ba shi da shaida sai tumaki.

Sai kyauta ta biyo baya. Alhaji ya aika wa Yaya riga, da maroƙi a gaba yana faɗa wa kowace unguwa irin yadin da sunan wanda ya bayar. Da gwajin jikin Alhaji aka ɗinka ta, don haka da tsohon ya saka, sai ya ɓace a ciki kamar kaza a buhu. An yi dariya, abin da ake nema ke nan. Malam Idrisu ya yi godiya, ya kai wa tela, aka fitar wa jikokinsa kayan Salla har da ragowar ƙyalle.

Da mura ta kwantar da tsohon kwana biyu, tausayin Alhaji ya kasa zama a gida. Ya ɗebi jama'a ya tafi Yindiski dubiya. Bai shiga ɗakin mara lafiyan ba, don kada ya takura masa. A ƙofar gida ya tsaya, inda 'yan unguwa za su ji, ya ɗaga hannu sama.

"Allah ka dubi tsufan Yayana! Allah ka dubi ƙafafun nan da suka gaji, da idanun nan da suka fara dushewa! Idan ciwon na tashi ne, Allah ka tashe shi. Idan kuma tafiyar ce ta zo, Allah ka sa ya cika da imani, mu ƙannensa za mu riƙe amana!"

Ana shafa fatiha, sai ga mai shirin cikawa da imanin ya fito da buta zai yi alwala, yana tambaya ko rasuwa aka yi a unguwar.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce Alhaji ya shiryu, kuma ba kyau a tona zuciyar Musulmi. Wasu suka ce shiriyar da ta zo tare da shelar En'e, tare za su koma. A rumfar Meram mai fura aka fi tafka wannan gardama. Ita Meram ba ta da ƙuri'a, amma ta shekara da shekaru tana dama wa masu ƙuri'a, ta san cikin kowa.

"Ku dai ku sha furarku," ta ce. "Kunama ma in za ta yi harbi kanta a ƙasa yake. Ku bar kallon kan, ku dubi wutsiyar."

Wutsiyar kuwa a zauren Alhaji take miƙewa bayan la'asar, in an rage daga shi sai mutanensa. Nan yake wanke hannun da ya gaisa da Yaya, ya bi shi da turare.

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne," yakan ce, yana miƙe ƙafa. "In ka tashi, da tsawonka za ka tashi. Wannan ita ce siyasar Ingila, ku ba za ku gane ba."

Ana gobe zaɓe ya tara su. An riga an sanar da cewa layi za a yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna. Bubayaro ya soma tambayar yadda za su jera, Alhaji ya katse shi.

"Kai Bubayaro, wa ya sa ka tunani? Tunani nawa ne. Ku naku ƙafa ce. Kun ga ƙeyar nan?" Ya juya ya nuna musu ita, mai tudu uku a ƙarƙashin rawani. "Da kun ji usur, inda kuka gan ta, nan za ku tsaya. Wanda ya dubi dama ko hagu, kada ya ƙara tako mini zaure."

Suka ce sun ji, sun gani.

Ranar zaɓe aka share fili a gefen kara. Aka kafa turke biyu nesa da juna, ɗaya na Alhaji, ɗaya na Malam Idrisu. Di'o ya zauna a inuwa da tafintansa. Malamin En'e ya miƙe ya yi bayani dalla-dalla: kowane ɗan takara ya je turkensa. Usur na farko, jama'a su bi bayan wanda suke so. Usur na biyu, ba mai motsi, kuma inda ya same ka nan ƙuri'arka take. Kowa ya kasa kunne ban da Alhaji, wanda ke gyaran rawani yana satar kallon Di'o, ko Di'o na kallonsa.

Yana kallonsa kuwa. Wannan dama ba ta wuce mai ladabi.

"Haba!" in ji Alhaji. "In tafi turkena in bar Yaya ya taka rana shi kaɗai? Me za a ce da tarbiyyar gidanmu? Bismillah, Yaya, shige gaba."

Ya karɓi lema daga hannun Bubayaro, abin da bai taɓa riƙe wa kansa ba, ya buɗa wa tsohon. Malam Idrisu na tafe a hankali, Alhaji na biye. Suka isa turken Malam Idrisu, tsohon ya tsaya. Niyyar Alhaji ya yi 'yar magana biyu ya wuce nasa turken. Amma tun da aka haife shi bai taɓa yin magana biyu ba.

"Ranka ya daɗe," ya fuskanci Di'o ta saman hular Yaya, "ka ga yadda muke yi a birni. Takara ba gaba ba ce. Wannan bawan Allah ya fi ni cancanta ta kowace fuska, in ban da ilimi da arziki da sanin duniya..."

Ɗan doka ya busa usur na farko. Alhaji ya ɗaga murya don kada ƙarar ta danne shi.

Bubayaro ya hango ƙeya mai tudu uku. Bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba. Ya je ya tsaya a bayanta, sauran mutanen zaure suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Malam Idrisu suka iso suka tarar an riga su, suka yi mamaki, suka ɗora a baya. Masu jiran su ga inda iska za ta kaɗa suka ce, to, tunda mai takarar da kansa ya sallama, mu su wa? Layi ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan rumfar Meram.

"...domin ni, ranka ya daɗe, ko a lahira aka ce in zaɓa, bayan Yaya zan tsaya!"

Usur na biyu ya tashi.

A can turken Alhaji akwai mai goyon baya guda ɗaya, wani maraƙi da ya tsinke daga kara ya zo yana sosa wuya.

Malamin En'e ya matso da sandarsa ta ƙirga. Ya wuce Malam Idrisu, ya ɗora sandar a kafaɗar mutum na farko a layi, mai riƙe da lema. Ya ce, "Ɗaya."

Sai a lokacin Alhaji ya waiwaya. Ya ga Bubayaro na yi masa murmushin wanda ya cika umarni. Ya ga layin. Ya ga maraƙin. Lema ta faɗi.

"Kai! Ku tsaya! Wane irin ɗaya? Ni zan zaɓi wannan wadan? Wannan mai warin garken da ko Hausa bai iya ba? Bubayaro, jakin ina ne kai?"

"Ƙeyar ka ce, Alhaji," in ji Bubayaro. "Ga ta nan."

Di'o ya karkata ya tambayi abin da ake ciki, tafinta ya juya masa maganar duka, bai rage ko wadan ba. Di'o ya ce a tambayi Alhaji: maganar ɗazu ce gaskiya, ko ta yanzu? In ta ɗazu ce, ƙuri'arsa ta tafi inda zuciyarsa take. In ta yanzu ce, to shi ba ya son zama kusa da mai baki biyu.

Alhaji ya dubi Di'o, ya dubi layin. Ya lallaɓa ya sunkuya a kunnen tsohon, wannan karon ba buzu.

"Yaya, don zumunci. Ka ce a sake."

Malam Idrisu ya dube shi kamar mai auna tayin da aka yi wa saniya. Sannan ya ba shi amsar da duk mai sayarwa ke ba wanda ya yi tayin banza.

"Albarka."

Dariya ta fashe har shanu suka firgita. Daga rumfa aka jiyo Meram tana cewa, "Yau kam kunama ta harbi bayanta!"

Da aka watse, hanyar fita ɗaya ce, wata 'yar ƙofa a jikin shingen kara. Alhaji ya nufe ta da sauri, rawani a karkace, sai ya tarar sabon shugaba ya riga shi isa. Tsohon ya ja gefe, ya buɗe hannu yadda ya ga ana yi masa.

"Bismillah, ƙanena, shige gaba," ya ce. "Yanzu ba a ƙirgawa."