Rasuwar Ƙugiyar Tirelar Malam Kabo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Malam Kabo na Yashe yana sanar da 'yan'uwa rasuwar ƙugiyar tirelarsa, wadda wa'adinta ya cika ranar Talata da hantsi, a cikin lakar rafin Bauranya.

An ƙera marigayiya a Kankiya shekarar samun 'yancin kai. Shekara goma sha biyar tana jan gyaɗa da auduga, ba ta taɓa tambayar na wane ne ba. Abincinta baƙin mai. Iyakar ƙorafinta, in hawa ya yi tsanani, shi ne "ƙiii".

Ga yadda ajali ya zo. Tirela ta kafe da buhu sittin na takin zamani. Taimako ya iso har biyu: yayan Kabo, Gajere, da tasa tarakta, surukinsa Alhaji Nata'ala da tasa. Kowa ya san ƙa'ida, a jera su, ɗaya gaba ɗaya baya. To wa Kabo zai ce ya koma baya? Wanda suka sha nono ɗaya, ko wanda ya ba shi mata? Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sunkuyar da kai. Sai ya ɗaura sarƙoƙin taraktocin biyu a wuyan marigayiya, kafaɗa da kafaɗa. Yaya ya karkata wajen Kusada, suruki ya nufi Kankiya. Ta ce "ƙiii" sau uku, sannan ta ce "ƙas".

Tun ranar Kabo ke tuhumar kansa. In kunya ado ce, me ya sa ta yi kisa? Amma dai bai bar cin tuwo ba.

Ta rasu ta bar tirela ɗaya, wadda har yanzu ke takaba a cikin rafi, da notuna huɗu marayu.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka za a kai gawar maƙera ranar Juma'a, a fitar da fartanya biyu. Za a karɓi gaisuwa a gindin durumin ƙofar gida, ba a zaure ba. Ƙofar zauren mutum ɗaya take ci, Gajere da Alhaji kuwa duk sun ce suna tafe.