Layya Ba Ta Jiran Banki

"...da gajiyar hanya? Ya mutanen Paris, masu tafiya kamar an biyo su?"

"Lafiya lau. Batula, hawa tara kuma na'urar hawa ta mutu? Gida kika kama ko hasumiya?"

"Don in rage baƙi marasa tsaraba ne. Ka ga bai yi aiki ba."

Badaru ke nan, ɗan Damagaram mai shagon atamfa da turare a Porte de la Chapelle. Tun da safe ya shigo mota zuwa Lyon, ya iso Vaulx-en-Velin wajen taubashiyarsa Batula, ɗiyar kawunsa, wadda ke aiki a kamfanin inshora. Tsaraba kam babu. Takarda ya zo da ita, naɗe cikin leda kamar laya.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Batula tana tura mishi kofin shayi. "Shekara biyu ba ka tako nan ba. Fito da ita, bawan gidanmu."

"Bawan wa? Ni na goya ki kina majina."

"Aikin bawa ke nan ai. Miƙo."

Ya warware ledar. "Kin san shekara takwas ban ga Inna ba. Duk na tara kuɗin jirgi, sai waya ta yi ƙara: rufin wane ya faɗi, matar wane ta haihu. Sai wani dillalin harkar banki, kurtiye suke ce mishi, ya ce akwai ajiyar da ake ɗaurewa shekara uku, ko ni mai ita ba na iya taɓawa. Na ce to, ka ɗaure min hannu."

"Da ruwanta?"

"Ruwan ba nawa ba ne, na yi niyyar ba masu buƙata tun ranar. Igiyar nake so."

"To mi ya kawo ka?"

"Ki kira bankin da faransancinki na buro, na 'yan ofis, wanda kike shaƙe hanci, ki ce su sako min abina. Layya ta matso, tikiti kullum hawa yake."

Batula ta sa tabarau, ta bi takardar da yatsa. Can ta tsaya, ta ɗago kai.

"Badaru, nan an rubuta wa'adi ya cika tsakiyar watan shida. Layya bana ƙarshen watan biyar ce."

"Shi na gani shekaranjiya."

"Wa ya zaɓi ranar?"

"Ni. Shekarar da na saya, Sallah ƙarshen watan shida ta kama. Na ce a sa kwana goma kafin nan, in samu na sayen rago."

Ta aje tabarau, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mutum da furfura a gemu, kullum sahun gaba a masallaci, bai san Sallah na ja baya kwana goma sha ɗaya duk shekara ba? Shekara uku, wata guda cur. Ka aza wata zai tsaya ya jira kalandar Nasara?"

"Na sani mana. Ranar ce dai kaina bai kawo ba. Kurtiyen ma bai ce komi ba."

"Shi layya yake? Bon, saurara. Bankin nan bai san ka ba. Ka tuna watanda? Mutum guda ya sayi sa, a yanka, kowa ya ɗau kashi. Haka dillalinka ya yi: ya sayo babbar ajiya daga banki, ya yanka muku. Ka taɓa ganin wanda ya mai da kashinsa wajen Bafillatanin da ya sayar da san?"

"To an cinye ni ke nan."

"Ba a cinye ka ba. In ka jira, abinka zai dawo cif. In ba ka jira, sai dillalin ya kai kashinka kasuwa, wani ya saya. Farashin na ranar ne. In sababbin takardu sun fi taka ruwa, taka ta faɗi. Kuma mai gaggawa ba ya taya kansa, shi ma dillali sai ya ci la'ada."

Ta karɓi wayarsa, ta sa ya buɗe asusun, ta nuna mishi abin da masu saye ke tayawa. Ya duba, ya ture wayar.

"Faɗuwa. Shekara ashirin ina kasuwa, ban taɓa sayar da yadi ɗaya ƙasa da yadda na saro ba."

"Wanzami ba ya son jarfa. Abin da za a yanke maka bai kai kuɗin takalmin nan naka mai tsinin bakin kada ba."

"Takalmin Italiya ne."

"Italiyar bayan shagonka."

"In bari bayan Sallah fa? Sati uku ne kawai. Tikiti ma ya fi sauƙi, ga kuɗina cikakku."

Batula ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta juya cokali cikin kofin da babu sukari.

"Na yi waya da Gwaggo, Innarka, ran Juma'a. Ta hana a saya mata rago. Ta ce bana ɗanta zai zaɓa, shi zai yanka da hannunsa. Unguwa duk ta ji. Sau biyu ta tambaye ni ko har yanzu kana da wushiryarka, wai kar ta kasa gane ka. Idonta ya yi rauni, Badaru. Bana tana ganin wushirya. Baɗi ban sani ba."

Ya kalli taga. Ƙasa can, bas ta tsaya, ta kwashi mutane, ta wuce.

"Har yanzu a ƙofar gida suke jera ragunan?" ya tambaya. "A bankare kan itace, wuta a tsakiya, hayaƙi har masallaci?"

"Ni za ka tambaya? Shekara biyar rabona da gida. Takarduna na can wajen sabuntawa, ko Marseille na je sai gabana ya faɗi. Kai kana da takardu, kana da kuɗi, rowa kawai ta ɗaure ka."

"Ɗiyar Kawu, bakinki ya fi tonka yaji."

"Gado ne. Wajen Gwaggo na ɗauko."

Ya jawo wayar, ya daɗe yana kallon farashin kamar zai canja don kunya. Sai ya miƙa mata.

"Ke danna. Ni hannuna ba ya iyawa. Kuma in labarin nan ya kai Porte de la Chapelle, na san bakin da ya fito."

"Kafin ka hau mota ya riga ka isa." Ta danna. "Voilà. Mi za ka kawo min?"

"Cinya guda."

"'Yan duwan masu binciken kaya su karɓe a filin jirgi, su kai wa karensu."

"To ranar zan kira ki. In aje wayar bakin wuta, ki ji kitse na ɗiga."

"Ji marowaci. Kowa nama, ni ƙara." Ta cire tabarau tana goge ido da bakin gyale, tana dariya. "Na karɓa. Amma a hannun Gwaggo za ka sa wayar, ita ta riƙe min."