Damin Wanzami

Wallahi ko na rantse ba za ku yarda ba, amma ku dai saurara.

Wani ne a garinmu, can gefen Dogarawa. Shekarar da anka ce maganin gwamnati zai daina zama kyauta, gardama ta kaure a ƙofar masallaci. Wasu na cewa a ɗora kuɗin magani bisa lanho, wato haraji, kowa ya biya sau guda a shekara. Wasu na cewa a'a, wanda ya kwanta shi ya biya.

Mutumin nan ya ce, "In na biya kuma ban yi ciwo ba fa?"

Anka ce, "Sai ka gode Allah."

"Da kuɗina?"

Ni ko na taɓa lakwal, makarantar boko, kafin malamai su ga na fi ƙarfinsu su sallame ni. Sai na ja shi gefe. Na ce, "Bar su da gwamnatinsu. Ba kana ba Barmo wanzami damin gero duk kaka ba? Ai ka riga ka biya na shekara. Aski, ƙaho, cire haƙori, duk cikin damin suke. Kai ne ba ka ɗiba."

Ya ce, "Ashe cuta ta yake."

Da safe ya tai aski. Da la'asar ya koma aski.

Barmo ya ce, "Mi zan aske?"

"Nemo dai."

Da gashi ya ƙare sai ya koma ƙaho. Yau baya, gobe ƙeya, jibi cinya, har jikin ya koma kamar tandar masa.

Barmo ya ce, "Malam, wai ina ke maka ciwo?"

"Rumbu."

Sannan ya buɗe baki ya nuna haƙori.

"Wannan ai lafiyarshi lau."

"To sai mu jira ya lalace bayan dami ya ƙare? Cire."

Ran kasuwa, yana cikin taya akuya, ya zube. Anka ɗauke shi sai asibiti a Ƙonni, Barmo da dangi na biye. Ni ma na bi, don ba na son a ba ni labari.

Likita ya ja fatar idonshi, fari fat. Ya ce, "Wa ya shanye ma bawan Allah nan jini?"

Barmo ya ce, "Ni na zuƙa. Amma ga mai shawarar nan na laɓe bayan ƙofa."

Yayan mutumin, Tanimun, ya cafe mani wuyan riga. Na ce a faɗi kuɗin jinin da za a ƙara mashi, zan nemo.

Likita ya ce, "Nan ba a sayar da jini. Ba da shi ake."

Anka gwada nawa. Ina ta addu'a kada ya dace, ya dace. Sunka kwantar da ni a gadon kusa da nashi, sunka soka mani allura kamar basilla.

Mutumin ya buɗe ido, ya dubi ledar jinina tana cika. Ya ce, "Likita, ɗebo da yawa. Barmo bai gama da ni ba sai kaka."