Igiyar da Ke Tsakiyar Aji

Ba zan taɓa mantawa da ranar iyaye ta wata makarantar al'umma a Daura ba, farkon shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Ni ne sabon malamin kimiyya, ana gwada ni, kuma a ranar kwamiti zai yanke ko a riƙe ni ko a sallame ni.

Don in burge, sai na ɗauko aikin da na yi a jami'a (kai, ƙuruciya!). Ruwa biyu ne a kofin gilashi: ruwan gishiri a sama, wani sinadari mai kama da mai, amma ya fi ruwa nauyi, a ƙasa, kowanne da irin gishirinsa. Ba sa gauraya ko za ka kwana kana motsawa. Amma in ka sa waya a kowanne ka haɗa da batir, ƙwayoyin gishiri masu caji sai su riƙa tsallaka iyakar da ke tsakani, allurar mitar awon lantarki ta motsa.

Na shirya misali mai daɗi: ƙwayoyin nan 'yan fasa-ƙwauri ne a iyakar Nijar. Ina buɗe baki sai idona ya faɗa kan Alhaji Sale, shugaban kwamiti, wanda duk gari ya san da me ya gina gidansa. Na haɗiye maganar da ƙyar.

Na waiga ina neman wani misali. Sai ga igiyar da aka ɗaura a tsakiyar aji, maza dama, mata hagu.

“Yauwa!” na ce. “Kun ga yadda kuke zaune? Maza su ne ruwa, mata su ne mai, igiyar nan ita ce iyaka.”

Liman, da ke zaune a sahun gaba, ya gyaɗa kai, har da “Ma sha Allah.” Kaina ya ƙara girma.

“To ni aikina,” na ci gaba, “in nuna wa 'ya'yanku yadda ake tsallakawa. Ɗan turi kaɗan ake buƙata, sai ku ga suna haurawa ɗaya bayan ɗaya, igiyar kuma tana nan kamar ba a yi komai ba!”

Na haɗa wayar. Allura ta motsa. Na ɗago ina jiran tafi.

Ko mutum ɗaya bai tafa ba.

“Innalillahi,” in ji wata uwa, ta jawo 'yarta jikinta. Carbin Liman ya tsaya cak. Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Wallahi zufa ta keto min har cikin takalmi. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

“Malam,” in ji Liman a hankali, “wannan darasin, sau nawa ka koyar da shi?”

“Allah gafarta Malam, gishiri nake nufi! Gishiri!”

Alhaji Sale ne ya cece ni. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, “A bar yaron nan. Da ya ce ma iyakar Nijar, ai da kowa ya gane.”

An riƙe ni, amma batirin ya kwana uku a ofishin shugaban makaranta. Har yau ɗalibaina, wasu da furfura, Malam Tsallake suke kirana. Tun ranar na gane: in allura za ta yi magana, malami ya rufe bakinsa.